Damben da kyamara ta gani, da guntayen da suka iso gare mu

A ranar 14 ga Yuni, 1894, 'yan dambe biyu, Mike Leonard da Jack Cushing, suka shiga wani ɗan ɗaki baƙi ƙirin a harabar ma'aikatar Thomas Edison da ke West Orange, a jihar New Jersey ta Amurka. Black Maria ake ce wa ɗakin. Rufinsa ɗagawa ake yi, shi kansa ɗakin kuma juya shi ake yi ya bi rana, don kyamarar wancan zamani ba ta gani sai rana ta take. Fagen da aka kewaye musu da igiya bai kai rabin na gaske ba. Turmi kuma aka rage shi daga minti uku zuwa wajen minti ɗaya, iyakar abin da zaren fim ɗin da ke cikin kyamarar zai iya ɗauka ke nan. Zare na ƙarewa sai a ce su dakata, su koma gefe su zauna har a ɗura wani.

Turmi shida suka yi, kuma turmi-turmi aka sayar. Lokacin ba a fara haska fim a bango ba tukuna. Akwati ne mai suna Kinetoscope, mutum ɗaya ke sunkuyawa ya kafa ido a rami ya kalla. Aka jera akwati shida a wani shago a New York, kowanne da turminsa, kowanne sent 10. A watan Satumba na shekarar aka kawo zakaran duniya na ajin masu nauyi da kansa, James J. Corbett, aka haɗa shi da wani Peter Courtney da ba kowa ya san shi ba, aka tsara cewa a turmi na shida Courtney zai sha ƙasa. Dalilin a fili yake: in ya faɗi a na biyu, akwati huɗu sun tashi a banza. Daga damben Leonard da Cushing kuwa, abin da ya rage a duniya yau bai cika minti ɗaya ba.

Mukan ɗauki tsohon fim marar magana a matsayin shaida tsantsa, wai abin da ya faru shi kyamara ta gani. A dambe kam ba haka abin yake ba. Tun ranar farko damben aka yanka daidai da kyamara. Abin da aka ɗauka kuma sai da ya bi ta hannun 'yan kasuwa, da 'yan jabu, da 'yan majalisa, da gobara, kafin ɗan abin da ya yi saura ya iso wayoyinmu. Kowane hannu da abin da ya zaftare, kuma ba mafi muhimmanci ne ya tsira ba.

Dambe ya dace da kyamarar farko fiye da kowane wasa. Fili ƙarami, mutum biyu, ba sai an ji magana ba kafin a gane wanda ke jin jiki. Ga kuma wata ƙofa da doka ta bari a buɗe: damben kuɗi laifi ne a yawancin jihohin Amurka a lokacin, amma hotonsa ba a ce komai a kansa ba. Wanda 'yan sanda za su kama in ya je kallo a bayan gari, yana iya biyan kuɗinsa ya kalli fim ɗin a tsakiyar birni hankali kwance. Kwaɗayin wannan kasuwa ne ya ingiza iyalan Latham, uba da 'ya'yansa biyu, neman hanyar ɗaukar dogon fim da haska shi ga taro. A watan Mayu na 1895 suka ɗauki damben Young Griffo da Charles Barnett a saman rufin Madison Square Garden, suka haska shi a bango ga masu biyan kuɗi, watanni kafin 'yan'uwa Lumière, Faransawan da suka yi fice a farkon silima, su yi nasu shahararren nunin a Paris. Dabarar da aka yi a kyamararsu, ta barin ɗan lanƙwasa a zaren don kada jan injin ya tsinka shi, ta zauna a kyamarori da injinan majigi har ƙarshen zamanin zaren fim. Fim ɗin kansa ya ɓace.

Damben gaske, wanda ba a tsara ƙarshensa ba, ya fi wuyar kamawa. Enoch Rector, abokin harkar Latham a da, ya ɗanɗana wannan a watan Fabrairu na 1896. Jihar Texas ta hana damben Bob Fitzsimmons da Peter Maher, sai aka kwashi jama'a a jirgin ƙasa zuwa Langtry, aka tsallaka kogin Rio Grande zuwa ɓangaren Meziko. Gari ya yi lumshi da hadari, kyamara ba ta ganin komai, Fitzsimmons kuma ya gama da Maher cikin daƙiƙa 95. Aka dawo hannu rabbana.

Shekara na zagayowa Rector ya fanshe. Jihar Nevada ta halatta dambe, aka sa wasan Corbett da Fitzsimmons ranar 17 ga Maris, 1897, a Carson City, da rana tsaka a fili buɗaɗɗe. Rector ya gina rumfar katako a gefen fage, ya jera kyamarori uku suna karɓa-karɓa don kada a rasa komai lokacin ɗura zare. Ya ɗauki wajen ƙafa 11,000 na fim mai faɗin milimita 63, hoton shimfiɗaɗɗe yadda zai ci fagen daga wannan kusurwa zuwa waccan. A turmi na 14 Fitzsimmons ya kai wa Corbett hagu a ƙahon zuci, Corbett ya durƙushe yana neman numfashi, kambu ya sauya hannu. Da aka fara nuna fim ɗin a New York a watan Mayu, ya haura minti 100, a zamanin da fim na minti ɗaya ake yi. Mai sharhi na tsaye gefen allo yana bayani, tunda fim ɗin ba ya magana. Mata, waɗanda ba a saba gani a wurin dambe ba, suka riƙa zuwa gidajen wasa kallo. Nan take kuma fim ya zama abin kafa hujja: mutanen Corbett suka ce a duba, Fitzsimmons ya wuce ƙirgen goma a ƙasa a turmi na shida, ya kuma kai naushin haram a na ƙarshe. Kowane ɓangare ya kalli allo guda, ya ga abin da ya zo nema.

Wajen kashi ɗaya cikin biyar na wannan fim ne ya tsira, gutsi-gutsi. Faɗinsa na musamman, wanda aka yi har don kada wani ya iya haska shi da injinsa, shi ya zame masa matsala daga baya. Duniya ta tsaya a kan milimita 35, injinan Rector suka shuɗe, zaren ya zama abin da ba mai iya kallo.

Inda kuɗi yake, jabu na nan tafe. Siegmund Lubin na Philadelphia bai je Carson City ba, bai kuma ga dalilin zuwa ba. Ya samo ƙarti biyu, ya hau da su saman rufi, ana karanta musu rahoton jarida turmi bayan turmi suna kwaikwayo, ya sayar da abin da arha. Shekaru ya yi yana wannan sana'a, wasu kamfanoni ma suka bi sahu. A watan Nuwamba na 1899 kuma aka ga wani salon. Kamfanin Biograph ya biya kuɗin ɗaukar damben Jim Jeffries da Tom Sharkey a Coney Island, da dare, a cikin gini. Aka rataya ɗaruruwan fitilun lantarki a saman fage, zafinsu ya riƙa gasa kawunan 'yan damben har tsawon turmi 25, kyamarori suka cinye zaren da ya fi mil bakwai. Ashe mutanen kamfanin Vitagraph sun shigo da tasu kyamarar a ɓoye cikin 'yan kallo, suna cin moriyar hasken da wani ya biya. Guntun da aka fi gani na wannan dambe a yau, mai kawunan mutane da huluna suna tare gaba, na ɓarayin ne.

Sai Jack Johnson ya zo, lissafi ya canza gaba ɗaya.

Ranar 26 ga Disamba, 1908, a birnin Sydney na Ostireliya, Johnson ya yi ta wasa da Tommy Burns yana yi masa dariya har turmi na 14, 'yan sanda suka shiga suka tsayar da wasan, kyamara ma aka tsayar da ita. Fim ɗin ya yanke Burns na tangaɗi, bai kai ga lokacin da baƙar fata na farko ya zama zakaran masu nauyi na duniya ba. Turawan Amurka suka shiga neman wanda zai ƙwato musu kambu, suka lallaso tsohon zakara Jeffries daga gonarsa bayan ya shekara shida bai yi dambe ba. Aka kara a Reno ranar 4 ga Yuli, 1910, ranar bikin 'yancin Amurka, manyan kamfanonin fim suka haɗa jari suka ɗauka, suna sa ran ribar nasarar Bature. A turmi na 15 Jeffries ya sha ƙasa, abin da bai taɓa faruwa da shi a fage ba, mutanensa suka shiga suka tare. A daren nan tarzoma ta ɓarke a birane da dama, aka kashe aƙalla mutum 20, yawancinsu baƙaƙe.

Cikin 'yan kwanaki ƙungiyoyin coci, da magadan gari, da gwamnoni suka tashi haiƙan a hana nuna fim ɗin. Tsohon shugaba Theodore Roosevelt, wanda shi kansa ɗan dambe ne a ƙuruciya, ya yi rubutu yana goyon bayan hanin. Har Afirka ta Kudu aka hana. Gaskiya ne ƙyamar fim ɗin dambe ta girmi Johnson, jihar Maine ta haramta shi tun 1897. Amma Majalisar Dokokin tarayya ta zuba ido shekara 15 ana nuna Turawa na dukan juna, ba ta kafa doka ba sai da Johnson ya sake lallasa wani Bature, Jim Flynn, a Yulin 1912. Kafin watan ya ƙare an sa hannu a dokar da ta haramta ketare iyakar jiha da fim ɗin dambe, ko shigo da shi daga waje. Dokar ta zauna har 1940.

Abin dariyar shi ne, fim ɗin da Turawan suka fi ƙishirwar gani, dokarsu ce ta hana su. A Havana ta ƙasar Kuba, ranar 5 ga Afrilu, 1915, Jess Willard ya buge Johnson a turmi na 26. Aka zo da fim ɗin, kwastan suka ƙi, aka je har Kotun Ƙoli, ta ce doka na nan daram. A 1916 wasu suka yi wata dabara da ta cancanci a jinjina mata ko da ba ta ci ba: suka kafa tanti a kan layin iyakar Kanada da jihar New York, fim ɗin yana ɓangaren Kanada, kyamara mai sabon zare tana ɓangaren Amurka, 'yar tazara a tsakani, aka kwafe hoton ɗaya bayan ɗaya. Hujjarsu ita ce ba abin da ya ketare iyaka sai haske. Kotu ta ce wannan ma shigo da fim ne. Sakamakon haka, shekaru da dama abin da mutanen Amurka suka sani na wannan dambe hoto ɗaya ne tak, Johnson kwance ya kai hannu saitin fuska, wai yana kare ido daga rana. Da shi aka riƙa kafa hujjar cewa sayar da wasan ya yi, shi ma Johnson ya faɗi haka daga baya. Da fim ɗin ya fito fili, sai aka ga mutum mai shekara 37 da ya mamaye turamen farko, ƙarfinsa ya ƙare cikin zafin rana, ya sha dama mai nauyi a muƙamuƙi. Gardamar ba ta mutu ba, amma ta yi laushi sosai.

Ɓarnar da wannan doka ta yi wa adana ita ce ba a cika magana a kanta ba. Ba ta hana ɗaukar dambe ba, ba ta ma hana kallo ba. Harkar ta koma hannun 'yan fasa-ƙwauri ne kawai. Damben Jack Dempsey da Gene Tunney na 1927 a Chicago, wanda Tunney ya yi wajen daƙiƙa 14 a ƙasa a turmi na bakwai saboda alƙalin wasa ya ƙi fara ƙirge sai Dempsey ya koma kusurwa, an kalle shi a jihohi da yawa duk da doka. To amma kayan da ake ɓoyewa ba a yi musu rajista, ba a ajiye uwar fim ɗin a rumbun kamfani da suna da kwanan wata. Kwafi ake yi daga kwafi, cikin gaggawa, kowane kwafi ya fi wanda ya gabace shi duhu da dishi-dishi. Mai gidan silima ya yanke turamen da ba a yi wani abin kirki ba ya zubar, ya bar wurin bugun. Shi ya sa da yawan abin da muke da shi na shekarun zakaru irin su Dempsey tsintar ƙarshen wasa ne.

Ko da doka ba ta taɓa su ba, zaren kansa maƙiyin kansa ne. Har wajen 1950 da sinadarin naitiret ake yin fim ɗin silima, ɗan'uwan abin da ake haɗa albarushi da shi. In ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, don yana samar wa kansa iskar da yake ci. In bai ƙone ba kuma ruɓewa yake yi a hankali: hoton ya koma ruwan ɗorawa, zaren ya yi danƙo yana wari, ya tsattsafo da kumfa, ya dunƙule wuri guda, a ƙarshe a buɗe gwangwani a tarar da jan gari. Wanda ya fara ruɓa yana iya kamawa da kansa a zafin digiri 40 da 'yan kai, irin zafin da muke sha a watan Afrilu. Rumbun Lubin ya tashi a 1914, na kamfanin Fox a Little Ferry ya ƙone a 1937. Wasu kuma da gangan aka narkar da su don a tace azurfar da ke jikin zaren. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finai marasa magana na Amurka sun ɓace ɗungurungum. Waɗannan fa su ne masu taurari da manyan kamfanoni a bayansu. Fim ɗin dambe labarin mako ne, da an yi sabon zakara ya zama tsohon zance.

Abin da ya ceci wani kaso kuwa gibi ne a dokar haƙƙin mallaka. Kafin 1912 dokar Amurka ta san hoto, ba ta san fim ba. Sai kamfanoni suka riƙa buga fim ɗinsu a kan doguwar takarda, hoto bayan hoto, su naɗe su kai wa Ɗakin Karatun Majalisa a matsayin hotuna. Ba wanda ya yi haka don tarihi, tsoron masu satar fasaha ne. Naɗe-naɗen nan, kimanin fim 3,000, suka yi ta kwana a ɗakin ajiya har aka tuno da su, sannan a shekarun 1950 da 1960 wani mai suna Kemp Niver ya zauna ya sake ɗaukar su ɗaya-ɗaya ya mayar da su fim. Takarda ta riƙe abin da naitiret ya kasa riƙewa. A cikinsu akwai na dambe, har da na kwaikwayo, don mai jabu ma yana tsoron a yi masa jabu.

Sauran aikin mutum biyu ne suka ɗauke shi, ba hukuma ba. Jim Jacobs, zakaran wasan ƙwallon hannu na bango, ya yi ta yawon duniya yana sayen tsofaffin gwangwanaye. Bill Cayton, ɗan harkar talla, ya riƙa sayen haƙƙin tsofaffin wasanni don nunawa a talabijin. Suka haɗe a kamfanin Big Fights, suka tara rumbun da ba kamarsa. Su ne kuma daga baya suka zama manajojin Mike Tyson, wanda tun yana yaro a gidan mai horar da shi Cus D'Amato a Catskill yake kwana kallon waɗannan fina-finai. Shigowarsa fage ba riga ba safa, da askin gefe, daga Dempsey ya ɗauko. A 1998 aka sayar da rumbun ga tashar ESPN. A ganina nan akwai abin dubawa: an ceci kayan, amma sun zama dukiyar kamfani, kuma kamfani abin da zai sayu yake fitarwa.

Duk wannan ya kamata ya sa masu yanke hukunci a intanet su sassauta. Za ka ga an ɗora guntun Corbett ko Jeffries, ana ta dariya wai waɗannan ba za su kai turmi ɗaya da 'yan yanzu ba. Da farko, kyamarorin da yawa da hannu ake juya su, ba su da gudu ɗaya tsayayye. Sai da fim mai magana ya zo aka tsaya a kan hoto 24 a daƙiƙa. In aka haska wanda aka ɗauka a kan 16 ko 18 da wannan gudun, sai ƙato ya koma yana tsalle-tsalle. Ko daƙiƙa 14 ɗin Tunney, wanda ya auna da agogo a gaban allo ya dogara ne da gudun injin da ya haska masa. Na biyu, kyamarar tana nesa, a kafe wuri guda, ba ta matsowa. Ɗan kaucin kai, da naushin ciki a rungume, da taka ƙafa, duk abin da masana ke kira gwaninta, ba ya fitowa. Na uku, wa ma aka ɗauka? Harry Greb ya yi wasa kusan 300, shi kaɗai ya taɓa doke Tunney, amma abin da ke hannu nasa atisaye ne, ba wasa ko ɗaya. Sam Langford, baƙar fatar da zakaru suka riƙa gudu, ya haura wasa 200, 'yan ƙalilan ne suka rage a fim. Battling Siki, haifaffen Saint-Louis ta Senegal, ya yi sa'a abokin karawarsa a 1922 shi ne Georges Carpentier, ɗan lelen Faransa, don haka kyamarori suka hallara. Muna iya ganin yadda ya rugurguza Carpentier a turmi na shida, wasan da alƙali ya fara cewa taɗiye ne ya ba Carpentier, sai da 'yan kallo suka yi bore aka mayar wa Siki nasararsa. Ba don Siki aka kawo kyamarorin ba.

Yanzu kuma wani sabon hannu ya shigo layin, na masu gyara da kwamfuta. Ana shafa wa tsofaffin guntayen launi, a goge dishi-dishin, a sa na'ura ta ƙirƙiro hotuna a tsakanin na asali don motsi ya yi santsi. Da daɗin kallo, ban musa ba, kuma ya jawo matasa da yawa ga tarihin da da ba za su leƙa ba. Sai dai naushi abu ne na ƙiftawar ido, wani lokaci hoto biyu ko uku kacal ya ci a zaren asali. In na'ura ta cike tsakaninsu, hanyar da hannun ya bi zatonta ne. Launin wando da na fata ma zato ne. Kuma irin waɗannan su ke fara fitowa in an yi bincike a YouTube, sau da yawa ba tare da an faɗi abin da aka taɓa ba.

Ma'adanai na gaske akasin haka suke aiki. Sukan kwafe zaren hoto-hoto yadda yake, da tabonsa da ƙanƙancewarsa, su rubuta duk gyaran da suka yi, asalin kuma ba sa yar da shi, don fayil ɗin kwamfuta sai an yi ta sauya masa mazauni, alhali naitiret da ya samu sanyi yana haura shekara 100. Amurka ta sa fim ɗin Johnson da Jeffries a rajistar fina-finan da ƙasa ta wajabta wa kanta adanawa a 2005, na Corbett da Fitzsimmons kuma a 2012. Naitiret ɗin Ɗakin Karatun Majalisa yana Culpeper a jihar Virginia, a harabar wani gini da aka haƙa cikin tsauni tun zamanin yaƙin cacar baka don babban bankin ƙasar ya ɓoye tsabar kuɗi in an jefa nukiliya. An gina masa ɗakuna 124 a ware da juna, don in ɗaya ya kama kada ya ci saura, kowanne a sanyin digiri huɗu.